Ciwon mafitsara ya daina jin magani

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Sau uku ke nan a bana ina fama da zafin fitsari, kuma ciprofloxacin da yake warkar da ni a da ya daina yi mini aiki. Shin jikina ne ya saba da maganin?

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ƙwayar cutar ce, wadda galibi E. coli ce daga hanji, ta koyi jure wa maganin saboda yawan haɗuwa da shi. Ki nemi a yi gwajin renon ƙwayoyin cuta a fitsarinki kafin ki sha wani magani, domin cikin kwana 2 zuwa 3 zai nuna maganin da yake kashe ta. Sau da yawa nitrofurantoin na kwana 5 yana aiki, amma likita ne zai zaɓa.

Hajiya Babba:
'Yata, kada ki sha ragowar maganin kowa. Idan zazzaɓi, amai ko ciwon kwiɓi suka biyo baya, ko kina da juna biyu, ki je asibiti a ranar, domin cutar tana iya hawa ƙoda.

Maman Biyu:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan kai fitsarin.