Neman shawara: wane irin otal ya dace da mai zagaya lardin Guangdong don kasuwanci da hutu?

Mai tambaya, ɗan kasuwar kayan gini daga Kano:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina sayar da tayil da fitilu a kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma in Allah ya yarda a watan Oktoba zan je lardin Guangdong na ƙasar Sin tare da iyalina. Niyyata in halarci zango na biyu na baje kolin Canton a Guangzhou, in shiga Foshan don tayil da kujeru, in leƙa Guzhen don fitilu, in ƙarasa Shenzhen, sannan mu ɗan huta kafin mu dawo, tunda wannan ce tafiyar maiɗakina ta farko. A da ina sauka a ƙananan masaukai na kusa da unguwar Xiaobei a Guangzhou, amma ba zan kai mace can ba, manyan otal-otal kuma sun fi ƙarfin aljihuna. An ba ni sunayen otal-otal masu matsakaicin farashi da ke da rassa a ko'ina, irin su Vienna, Ji Hotel, Atour, Lavande da Holiday Inn Express. Shin ya fi kyau in riƙe kamfani ɗaya a dukkan garuruwan, ko in riƙa zaɓa gari-gari? Kuma in zauna wuri ɗaya ina zuwa ina dawowa, ko in riƙa tashi da kayana? Abin da na ware bai wuce yuan 450 a kowane dare ba.

Amsa daga wani dattijo mai harkar tayil:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kai ku lafiya. Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, sunan da ke jikin gini ba ya gaya maka komai sai rabin labari. Yawancin rassan waɗannan kamfanoni ba uwar kamfanin ce ta gina su ba, wani mai gini ne ya karɓi sunan da tsarin aiki bisa yarjejeniya, don haka za ka iya samun reshe sabo fil a wata unguwa, ka tarar da wani mai suna iri ɗaya a gaba kaɗan wanda darduma ta tsufa, ɗakin kuma yana ɗauke da warin taba. Saboda haka kafin ka biya ka duba shekarar da aka buɗe reshen ko aka sabunta shi, domin manhajar Trip.com tana nuna wannan, kuma ka karanta abin da baƙi suka rubuta a watannin baya-bayan nan, ba na shekarun da suka wuce ba.

A Guangdong za ka fi cin karo da Vienna, domin daga Shenzhen ya samo asali kafin ya shiga ƙarƙashin rukunin Jin Jiang, kuma ya bazu har cikin garuruwan masana'antu. Ji Hotel na rukunin Huazhu ne, shi da Hanting wanda ya fi shi araha. Ni ban ga dalilin ɗaure kai da guda ɗaya ba. Rangwamen da ake ba mai rajista da kamfani ba zai biya maka kuɗin tasi da awannin da za ka ɓata a hanya ba idan reshen ya yi nisa da inda aikinka yake.

Maganar zama wuri ɗaya kuwa, ban ba ka shawara ba. Zango na biyu na baje kolin yakan kama daga 23 zuwa 27 ga Oktoba, kuma a kwanakin nan farashin ɗaki a kewayen Pazhou, unguwar da ake yin baje kolin, yakan ninka, wani lokaci ya wuce haka, ta yadda yuan 450 ɗinka ba za ta ba ka abin kirki a can ba. Ka nemi reshe a kan layi na 8 na jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ke tsayawa a Xingangdong da Pazhou, ko da tashoshi da dama ne tsakaninku. Da an rufe baje kolin ka kwashe kayanka ka koma Foshan. Tayil yana Nanzhuang a gundumar Chancheng, kujeru da gadaje suna Lecong a Shunde, inda shaguna suka jeru kilomita da kilomita a bakin titi, kuma ba wurin da mutum zai gama da shi a yini ɗaya ba ne. Wanda ya kwana a Foshan yana gaban mai masana'anta da ƙarfe tara na safe da ƙarfinsa, ɗakin ma ya fi araha.

Amsa daga wata Hajiya mai sarin kayan sawa:

Alhaji, tunda da Hajiya za ka tafi, bari in yi magana a kan abin da maza ba su cika lura da shi ba. Ɗaki mafi araha a jerin farashi sau da yawa ba shi da taga, kuma ana rubuta hakan da ƙananan haruffa. Kai da za ka fita tun safe ba zai dame ka ba, amma matar da za ta yini a ciki ranar da ta gaji, ba ta san rana ta fito ko ta faɗi ba, zai takura mata ƙwarai. Ka ƙara ɗan abin da za ka ƙara ka kama mai taga, a hawan da ba a shan taba.

Kada ka biya kuɗin karin kumallo tun daga gida. Na taɓa tsayawa a gaban teburin abincin safe na wani otal, tururi yana tashi daga kwandunan gora cike da curin fulawa mai nama a ciki, na tambayi yarinyar da ke zubawa ta waya mai fassara, ta nuna mini kusan duka da naman alade. Dafaffen ƙwai da masara da 'ya'yan itace kawai na ɗauka. Abin da ya fi amfani shi ne ka duba taswira ka tabbata akwai gidan abincin Musulmi kusa da reshen. Shagunan taliyar Lanzhou masu koren allo suna nan a kusan kowace unguwa, har a Foshan da Zhongshan, inda Guzhen take, kuma yawanci Musulmin arewa maso yammacin ƙasar ne ke riƙe da su. Sannan yawancin rassan Ji da Atour suna da ɗakin wanki da injin busarwa wanda baƙo zai yi amfani da shi da kansa, abin da ke rage yawan kayan da za ku ɗauko. Buta kuwa ku taho da taku.

Amsa daga wani ɗalibi da ke karatu a Guangzhou:

Baba Alhaji, ina neman izinin ƙara abu ɗaya wanda a ganina ya kamata ya zo kafin farashi. Dokar shige da fice ta ƙasar Sin ta wajabta a yi wa kowane baƙo rajistar inda ya kwana. Idan a otal ne, otal ɗin ne ke shigar da bayanan fasfo ga 'yan sanda, idan kuma a gidan wani ne, dole a kai rahoto cikin awa 24. Shekaru da dama wasu masaukai suna mayar da baƙi da hujjar cewa ba su da izinin karɓar 'yan ƙasar waje. A shekarar 2024 hukumomin ƙasar sun bayyana cewa bai halatta otal ya ƙi baƙo da wannan hujja ba, kuma abubuwa sun yi sauƙi, sai dai har yanzu a ƙananan garuruwa ana samun ma'aikacin da bai taɓa shigar da fasfo a kwamfuta ba, sai ya ga korar baƙo ta fi masa sauƙi.

Don haka bayan ka kama ɗaki, musamman a Guzhen da Lecong, ka sa wakilinka na kargo ko mai yi maka tafinta ya kira reshen da kansa, ya faɗa musu cewa baƙi biyu ne masu fasfon Najeriya, ya kuma karɓi amsa a rubuce. Ka zaɓi farashin da ake iya sokewa ba tare da asara ba. Ku riƙe fasfo na asali ku biyun, domin kowa sai an yi masa rajista. A nan ne Holiday Inn Express da Hampton suke da ɗan fifiko, tunda sun saba da baƙi kuma an fi samun mai jin Turanci a wurin karɓar baƙi, ko da yake sukan ɗara sauran tsada. Ka haɗa katinka da manhajar biyan kuɗi ta Alipay tun kana gida, ka kuma riƙe 'yan kuɗi a hannu saboda wasu rassan suna karɓar kuɗin ajiya da ake mayarwa ranar fita.

Amsa daga wani mai harkar wayoyi:

Da girmamawa, ban yarda da Baba mai harkar tayil gaba ɗaya ba a kan yawan tashi da kaya. Foshan na yarda a kwana, amma Guzhen da Shenzhen ba lallai ba ne. Daga tashar Guangzhou ta Kudu jirgi mai sauri yana kai mutum tashar Shenzhen ta Arewa cikin kusan rabin awa, kuma daga tashar Guangzhou ta Kudun ake hawa jirgin da ke tsayawa a Guzhen. Idan abin da zai kai ka Huaqiangbei, kasuwar kayan lantarki ta Shenzhen, bai wuce ganin samfur da ƙulla magana ba, ka kama otal ɗaya a Panyu, gundumar Guangzhou da tashar Kudu take ciki, ka je ka dawo. Amfaninsa biyu ne, domin gidan namun daji na Chimelong yana nan Panyu kusa da tashar Hanxi Changlong, inda layi na 7 ke kai ka tashar Kudu, layi na 3 kuma ya kai ku hasumiyar Canton da bakin kogi da daddare. Ka ga Hajiya ba ta sha wahalar ɗaure akwati kowace safiya ba. Ina ƙara jan hankalinka: idan bizarku ta shiga sau ɗaya ce, kada sha'awa ta sa ku tsallaka Hong Kong daga Shenzhen, domin ana lissafa shi a matsayin fita.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri. Na tsayar da masauki uku: ɗaya a kan layi na 8, ɗaya a Foshan, na ƙarshe a Panyu. Saura Juma'ar da za ta riske mu a Guangzhou. Ina ya fi dacewa in kai iyali?

Dattijon ya sake amsawa:

Tsarin ya yi, Alhaji. Ku je masallacin Xianxian da ke kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou, inda ake danganta kabarin da ke ciki ga Sa'ad bin Abi Waƙƙas. Yana da faɗi, kuma ku fita da wuri saboda cunkoso. Masallacin Huaisheng na titin Guangta, mai tsohuwar hasumiya, ku bar shi zuwa wata ranar da babu taro. Ɗakin kwanakin baje kolin kuwa ka kama shi a wannan makon, sauran biyun za su iya jira har bizar ta fito.