Tambaya: tuwon cou-cou na Barbados ya ƙi ɗaure min

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah duk wadda ta iya cou-cou, abincin da mutanen ƙasar Barbados, wani tsibiri a yankin Karibiyan, ke tinƙaho da shi, ta agaza min.

Tuwon garin masara ne, sai dai a cikin tuwon ake tuƙa kuɓewar, a ci da romon kifi. Kakanninsu da aka kwashe daga Afirka ta Yamma lokacin cinikin bayi ne suka tafi da wannan girki, kuɓewar ma daga nahiyarmu ta je can. Shi ya sa nake son in iya shi sosai.

Nakan dafa ɗanyar kuɓewa in tace ruwanta, in jiƙa garin da ruwan sanyi, sannan in riƙa zuba ruwan kuɓewar kaɗan-kaɗan ina tuƙawa da muciya. Babu gudaji ko ɗaya. Amma da na mayar da kuɓewar ciki sai tuwon ya saki. Nasu ana juya shi a kwanon da aka shafa wa man shanu ya fito a mulmule, nawa kuwa bajewa yake yi.

Garin ne ya yi laushi da yawa, ko kuɓewar zan rage? Kuma busasshiya za ta yi?