Famfon zuciyar Baba da matsalar wutar lantarki: ina mafita?

Assalamu alaikum jama'a. An sanya wa mahaifina na'urar LVAD, samfurin HeartMate 3, a Indiya, bayan zuciyarsa ta gaza harba jini yadda ya kamata. Famfo ne da aka haɗa da ɓangaren hagu na zuciya, wayarsa ta ɓullo ta fatar ciki zuwa na'urar sarrafawa. Da rana batura biyu ke riƙe shi, suna kai awa 17 in sun cika. Da dare kuwa jona shi ake yi da wutar gida.

To ga inda muka maƙale. Baba ya dage sai ya dawo Kano, alhali kun san halin wutarmu, kuma famfon nan tsayawarsa ko na ɗan lokaci hatsari ne ga rai. Likitocinsa cewa kawai suka yi a tanadi wuta tsayayyiya.

Shin sola da inbata za su ɗauki cajar baturan da na'urar da ke jona famfon da wutar gida da dare lafiya? Janareto ban amince da shi ba, saboda wutarsa hawa da sauka take yi.

Sannan zafin Afrilu: yaya ake kare bakin wayar daga gumi don kada ƙwayoyin cuta su shiga? Don Allah wanda ya taɓa jinyar mai irin wannan na'ura ya taimaka mana.