Shawarwari kan sharhin faifan G.I.S.M.

Masoya tsofaffin faya-fayan Japan sun tattauna yadda ya kamata a yi sharhin Detestation, faifan farko na G.I.S.M., ƙungiyar makaɗa da aka kafa a Tokyo a 1981.

Yawancinsu sun ce jitar Randy Uchida ce za a fi ba muhimmanci. Ganga na gudu irin na punk (salon kiɗan Turawa mai sauri da hayaniya), shi kuwa sai ya kutso da dogon kiɗa mai kaifi irin na metal (salon kiɗa mai nauyi da ke nuna gwanintar jita), yatsunsa na hawa da sauka a kan tsirkiya. Mai sharhi ya saurari wuraren nan sau da dama, ya faɗa wa mai karatu inda suke. Ni ma nan na tsaya, don Uchida, wanda ya mutu a 2001, ya cancanci a saurare shi da kyau.

Labaran rigimar mawaƙin, Sakevi Yokoyama, kuwa, an ce a taƙaita su. Muryarsa mai gurnani ce abin magana.

Sautin ba tsaf yake ba, kada a ɗauki hakan aibi. Sannan a faɗi bugun da aka saurara, domin na jabu sun yi yawa kafin kamfanin Relapse Records ya sake fitar da shi a 2020.