Shin Harar ce birni na huɗu mafi tsarki a Musulunci?

Mai Jagorar Baƙi: 'Yan uwa, duk wanda ya je Harar a gabashin Habasha zai ji ana cewa bayan Makka da Madina da Ƙudus sai ita. Ni dai ina goyon bayan maganar. Cikin ganuwar nan da ake kira Jugol, fili ne mai hekta 48 kacal, amma masallatai 82 ne a ciki, ga hubbaren waliyyai 102, kuma uku daga masallatan tun ƙarni na 10 suke. Wane gari ne ya tara haka?

Malamin Islamiyya: Malam, yawan masallatai ba shi ke kawo tsarki ba. Hadisin ɗaura sirdi, wato yin tafiya takanas don ibada, masallatai uku ya ambata, bai ce huɗu ba. Mutanen Ƙairawan a Tunisiya ma wannan kirarin suke yi wa garinsu. Kirari ne na masoya, babu nassi a kai.

Mai Jagorar Baƙi: Allah gafarta Malam, ai UNESCO ta rubuta haka da ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2006.

Malamar Tarihi: Ta kawo shi ne a matsayin abin da ake faɗa, kuma ba hurumin UNESCO ba ne ta ba da fatawa. Darajar Harar a tarihinta take. A 1520 Sultan Abubakar ya mai da ita hedikwatar daular Adal. Bayan an kashe Imam Ahmad Gragn, jagoran yaƙin Adal, a 1543 ƙasa ta rikice, sai Amir Nur bin Mujahid ya kewaye garin da ganuwar dutse, tsawonta kusan kilomita uku da rabi, tsayinta kamar mita huɗu, da ƙofofi biyar. Ana cewa biyar ɗin shika-shikan Musulunci ne. To, wataƙila. Amma kowace ƙofa tana fuskantar hanyar fatake ce, kuma unguwannin gari biyar ne. Masar ta riƙe garin daga 1875 zuwa 1885, Menelik, wanda daga baya ya zama sarkin Habasha, ya ci shi da yaƙi a 1887, daga nan aka rushe masallacin da ke dandalin Feres Megala aka gina cocin Medhane Alem. Babbar ƙofar da motoci ke shiga yau ma bayan haka aka fasa ta, ba ta cikin biyar na asali.

Malamin Islamiyya: Hajiya ta gama magana. A je don ilimi da ganin tarihi, kada a ƙulla niyyar neman lada irin na Harami.

Ɗan Kasuwa: Ku bar ni da batun hanya, nan mutane ke shan wahala. Jirgi daga Addis Ababa zuwa Dire Dawa, sannan ƙaramar bas ta hau tsauni, kilomita 50 da ɗoriya. A Aweday, kasuwar chat, ganyen da ake taunawa don ya sa karsashi, cunkoso kan riƙe mota. Sai a kula da agogonsu: daga fitowar rana suke fara ƙirga, don haka idan direba ya ce ƙarfe biyu, takwas yake nufi. Tambaye shi sau biyu. Garin yana sama da mita 1,800, dare da sanyi, a tafi da rigar sanyi.

Malamar Tarihi: A kuma shiga gari da safe, don bayan azahar maza sun zauna taunar chat, harkoki sun lafa. Lungunan ba sa ɗaukar mota, wani ma mutum biyu sai sun karkace kafin su wuce juna. A fara da hubbaren Amir Nur, sai tsohon gidan Ras Tafari, wato Sarki Haile Selassie, inda aka ajiye Alƙur'anai rubutun hannu da kuɗin da Harar ta buga da kanta. A nemi izini a shiga gidan gargajiya na mutanen Harar: dakalai biyar ne a zauren, kowanne da mai zama a kai gwargwadon shekaru da matsayi, bango kuma cike da faifai da kwanuka.

Mai Jagorar Baƙi: Na sassauta kan nassi, amma kirarin ba zan daina faɗa wa baƙi ba, tun da masu garin ne suka yi shi. Kuma ba wanda ya ambaci kuraye. Da dare ake ba su nama a bayan ganuwa, kuma akwai ramuka a gindinta da suke bi su shigo su cinye shara.

Malamin Islamiyya: Faɗa musu, amma ka ce "ana cewa". Kurayen kuwa ku je ku gano, ni ina masauki.