Abin da muka tsinta kan tazarar haruffa

Ran Asabar, a wata fadar hira a Yamai, wani ƙanenmu mai rubuta manhaja ya kawo kuka: yana auna faɗin suna da FreeType, manhajar zana haruffa a allo, amma in ya zana, sai rubutun ya ƙi zama daidai cikin akwati.

Shawarar farko, kada ya auna harafi ɗaya-ɗaya ya tara. Haruffan A da V, misali, in sun haɗu matsowa suke yi, don haka a auna rubutun gaba ɗaya. Wani kuma ya tunatar cewa FreeType yana ƙidaya da kashi ɗaya cikin 64 na ɗigon allo (pixel). A bar ɓurɓushin har ƙarshe, sannan a mai da lambar cikakkiya sau ɗaya.

Inda aka daɗe shi ne batun GPOS, wani tebur a cikin samfurin haruffa (font) mai tsara matsayin haruffa. Sababbin samfuran haruffa da yawa nan suke ajiye tazararsu, tsohon teburin tazara mai suna kern, wanda FreeType ya saba dubawa, babu komai, shi ya sa yawanci suka ce a miƙa wa HarfBuzz, manhajar jera haruffa, aikin. Ni ma nan na tsaya, balle ga ajami da haruffansa ke sauya siffa.

Sai namu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. In samfurin ba shi da su, aro ake yi daga wani, tazarar ta lalace. Gwada da "ƴaƴa" tun farko.