Shawarwarin Masu Gyaran Waya Kan Kyamara, Talabijin da Agogon Zamani

A wata majalisar masu gyaran waya kusa da Kasuwar Wunti a Bauchi, hira ta karkata kan na'urorin da ke haɗe da intanet da irin bayanan da suke kwasa.

Kyamarar tsaro aka fi daɗewa a kanta. Masu shaguna da yawa sun kafa ta, amma har yau lambar sirrin da ta zo da ita daga kamfani ce a kai. Wani dattijo a sana'ar ya ce, "Yarana, wannan ai kulle ƙofa ne a bar makulli a jiki." An tuna cewa a 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi ta wannan kafar ta mamaye dubban kyamarori. Don haka a canza lambar tun ranar da aka kafa, kuma kada kyamara ta leƙa cikin gida inda iyali suke, tunda hoton kan bi ta rumbun ajiyar bayanan kamfani kafin ya iso wayarka.

Talabijin mai intanet kan lura da abin da ake kallo ya aika wa kamfani. A 2017 kamfanin talabijin na Vizio ya biya dala miliyan 2.2 a Amurka saboda haka. A shiga saituna a kashe wannan bibiyar.

Kan agogon hannu an yi saɓani. Wasu na ganin ƙirga taku da bugun zuciya ba komai ba ne. Ni dai ina tare da masu cewa a hana manhajarsa sanin inda kake sai da buƙata.

Wanda zai sayar da na'ura kuwa, ya goge komai tukuna. Dokar kare bayanai ta 2023 ta kuma ba ɗan Najeriya damar neman kamfani ya share bayanansa.